Neman kalmar Hausa: me za mu kira ajin da kwaɗo yake ciki?

Malamar Kimiyya, Gusau

Assalamu alaikum malamai. Ana shirya taƙaitaccen bayani da Hausa kan dabbobi masu ƙashin baya, don 'yan ajin farko na babbar sakandare. Aji biyar ne a manhaja, huɗu sun zauna lafiya: kifaye, tsuntsaye, masu shayarwa, masu jan ciki. Na biyar ne ya ƙi, wato wanda Turawa ke kira *amphibians*, inda kwaɗo yake. Abin da ke yawo a rubuce-rubuce iri biyu ne: "masu rayuwa a ruwa da tudu", sai kuma masu hausantar da kalmar su ce "amfibiya". Na farkon ya yi tsawo, na biyun kuma yaro zai haddace bai san me ya haddace ba. A taimaka da sunan da zai iya ɗaukar ilimin, ba daɗin baki kawai ba.

Malamin Kiwon Kifi, Yawuri

Wa alaikumus salam Malama. Tsawon da sauƙi. Babbar matsalar ita ce ƙofar ta yi faɗi, kowa zai shige. Ki ce wa yaron da ya tashi a bakin kogi ya lissafo masu rayuwa a ruwa da tudu, kafin ya zo kan kwaɗo ya kawo miki kada, guza, kififiya, dorina da karen ruwa. Ukun farko masu jan ciki ne, biyun ƙarshe masu shayarwa. Kuma ba ki da bakin ce masa ya yi kuskure, tunda sunan ne ya ba shi hanya.

Wadda ta fi rikita lissafi ita ce gaiwa. Kifi ce, amma tana da huhu, dole ta riƙa leƙowa sama tana shaƙar iska. In ta maƙale a gurar da ta nutse gaba ɗaya ta kasa leƙowa, mutuwa take yi a cikin ruwan. Idan fadama ta fara janyewa sai ta tona rami cikin taɓo, ta lanƙwashe jiki kanta yana kallon sama, ta fitar da yauƙi ya bushe a jikinta ya zama kamar jaka, ta bar 'yar kafa saitin baki. A haka take cinye rani. Tarwaɗa ma tana da wani nama mai rassa a cikin kanta da take shaƙar iska da shi, shi ya sa take iya jan jiki kan jiƙaƙƙiyar ciyawa daga wannan kududdufi zuwa wancan. Duk sunan da aka gina kan mazauni, waɗannan biyun za su rushe shi.

Likitan Dabbobi, Zariya

Malam ya buɗe da kyau. Kalmar Turancin daga Girkanci take, *amphi* da *bios*, kamar a ce rayuwa ta fuska biyu. Amma a wurin masana, rayuwa biyun nan a jere suke: ƙuruciya a ruwa da jiki iri ɗaya, girma da wani jikin dabam. Abu uku ake dubawa kafin a sa dabba a wannan aji.

Na farko fata. Ba gashi, ba gashin tsuntsu, ba ɓawo a waje irin na maciji. Siririya ce, tana fitar da yauƙi, ƙananan jijiyoyin jini kuma suna dab da samanta, don haka iska tana ratsawa kai tsaye zuwa jini. Kwaɗo yana numfashi ta fata, ta huhu, da kuma ta tantanin cikin baki. Ba ya shan ruwa da baki. Akwai wani fegi a ƙasan cikinsa da cinyoyi da yake tsotsar ruwa da shi. In kun ga kwaɗo ya baje a jiƙaƙƙen siminti kusa da gindin randa, shan ruwa yake yi. Wannan fatar ce kuma rauninsa: gishiri yana zuƙe masa ruwan jiki, maganin feshi da ya gangara cikin fadamar shinkafa yana shiga jininsa ba tare da ya haɗiye ba. Akwai wata cutar fangas, wato dangin fumfuna, da aka bayyana ƙwayarta a 1999, wadda ke kaurara fatar, gishirin jini ya rikice, zuciya ta tsaya. Ta yi ɓarna sosai a Ostareliya da tsakiyar nahiyar Amurka.

Maƙogwaron kwaɗo da kuke gani yana motsi kullum, famfo ne. Ba shi da tantanin da ya raba ƙirji da ciki irin namu, ba shi da haƙarƙarin da zai buɗe ƙirji. Sai ya sauke ƙasan baki iska ta shiga ta hanci, ya toshe hancin, ya ɗaga ƙasan bakin ya tura ta cikin huhu. Haɗiyar iska yake yi.

Na biyu ƙwai. Ba shi da ɓawo, yauƙi ne kawai ya lulluɓe shi, in ya bar ruwa ya bushe. A yawancin kwaɗi namiji yana rungumar mace ta baya, tana sakin ƙwai yana zuba maniyyi a kai, haɗuwar a waje take faruwa. Kwaɗon gida mai kaushin fata yana zuba nasa a jere kamar carbi, wasu kuma a dunƙule. Ƙwan mai jan ciki kuwa yana da ɓawo, da tantani, da ruwansa a ciki. Ku lura da wannan, don shi ne ya raba su sarai: kada yana zaune a ruwa, amma in lokacin ƙwai ya yi tudu ake fita a binne shi, ya yi kamar wata uku kafin ya ƙyanƙyashe. Kwaɗo yana zaune a tudu, amma in zai yi ƙwai ruwa yake komawa.

Na uku canjin halitta. Ɗan kwaɗo yana fitowa da wutsiya, ba ƙafa, yana shaƙa da irin jajayen tsefen nan da ke gefen kan kifi. Hanjinsa dogo ne a naɗe kamar faifai, saboda galibi gansakuka yake kankara. Ƙafafun baya ke fara fitowa, na gaba su biyo daga baya, huhu ya buɗe, baki ya faɗaɗa, hanji ya gajarce don cin ƙwari. Wutsiyar ba yankewa take yi ta faɗi ba kamar ta tsaka. Jiki ne yake narkar da ita ya ci. Abin da ke tuƙa wannan aiki duka sinadari ne daga ƙullin nan na wuya wanda in ya kumbura a jikin mutum muke cewa maƙoƙo, kuma sai da sinadarin aidin yake samuwa. In aka cire ƙullin, ɗan kwaɗo zai yi ta girma bai zama kwaɗo ba.

Malamar Kimiyya, Gusau

Allah ya ƙara sani Dakta. To ko mu ce "masu danshin fata"? Ko "masu rikiɗa"?

Malamin Kiwon Kifi, Yawuri

Danshin fata tarwaɗa ta riga kowa, ita ma ba ɓawo a jikinta. Ga tana, ga matsattsaku. Sannan yaro zai ɗauko kwaɗon bayan ɗaki, fatarsa a bushe da ƙuraje, ya ce ina danshin?

Mai Nazarin Hausa, Kano

"Rikiɗa" kuma tana da masu ita. Da an faɗe ta hawainiya ce ke zuwa zuciyar Bahaushe, ita kuwa mai jan ciki ce, launi kawai take sauyawa. Bayan hawainiya sai labarin mutumin da ke rikiɗa ya zama kura. In ma an wanke ta daga wannan, sauro da ƙuda da malam-buɗe-littafi duk suna sauya halitta daga tsutsa, kuma ko ƙashin baya ba su da shi.

A kiyayi "masu rayuwa biyu" ma. Kunne zai iya jin sa kusa da "ruwa biyu", wanda muke faɗa wa mutumin da iyayensa suka fito daga jinsi daban-daban. A wurin wani kuma mai rayuwa biyu shi ne mai fuska biyu.

Ga ma'aunin da nake ba da shawara a gwada kowace kalma da shi: ta shiga jimlar "wane kaza ne" ba tare da tuntuɓe ba, kada ta ja abin da ba na ajin ba, kuma wanda bai je makaranta ba ya ji ta ya hango wani abu.

Malamin Larabci, Sakkwato

Larabawa sun haɗa *barr*, tudu, da *ma'*, ruwa, suka ƙera *barma'iyyat*. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan da ke karatu da Larabci da ita suka saba. Me zai hana mu ce "tudu-ruwa"? Gajere ne, kuma ana iya cewa "dabbobin tudu-ruwa".

Mai Nazarin Hausa, Kano

Ustaz, gajartar ta yi, amma ciwon yana nan. An dai matse "ruwa da tudu" ne, kada da dorina za su sake shigowa. Su Larabawan ma da kalmar suke siffanta motar yaƙi mai tafiya a ruwa da tudu, haka Turawa. Hausa kuma ta fi son haɗa kalma da aikatau a gaba, kamar ci-rani, faɗi-tashi, ko da mahaɗi kamar karen ruwa da raƙumin dawa. Sunaye biyu a jere ba mahaɗi, kunne yana jiran wani abu ya biyo baya.

Likitan Dabbobi, Zariya

Ƙari a kan haka, a cikin ajin kansa akwai masu ƙaryata "ruwa da tudu". Akwai kwaɗon nan mai shafaffen jiki da baƙaƙen farata uku a ƙafar baya, wanda masana ke kira *Xenopus*. Ba shi da harshe, da hannu yake tura abinci baki, kuma kusan duk rayuwarsa a ruwa yake yi. Shi ne aka riƙa gwajin ciki da shi a asibitocin Turai daga shekarun 1940 zuwa 1960: a yi wa macen allurar fitsarin mace, in tana da juna biyu sai kwaɗon ta zuba ƙwai cikin kwana ɗaya. A ɗaya gefen, akwai ƙananan kwaɗin kurmi da ke yin ƙwai cikin danshin ganye, ɗan ya fito da kamannin kwaɗo sak, bai taɓa iyo ba. A Dutsen Nimba da ke ƙasar Gini ma akwai wani ɗan kwaɗo da ke haihuwa, ba ya zuba ƙwai.

Mushe (malamin makaranta), Maraɗi

Sallama gare ku. Ku bari in kawo abin da ke wajenmu, wataƙila ya raba gardama. A lakkwal, wato makarantar boko, da Faransanci ana cewa *amphibiens*, amma akwai tsohuwar kalma da har yanzu ake ji, *batraciens*. Daga Girkanci take, *batrachos*, ma'anarta kwaɗo. Wato sun ɗauki wanda kowa ya sani a cikin ajin suka raɗa wa ajin sunansa.

Tarihin ma yana tare da mu. A 1758 Carl Linnaeus, masanin nan na Suwidin, ya zuba kwaɗo da maciji da ƙadangare da kunkuru duk a ƙarƙashin *Amphibia*, har da wasu kifaye masu guringuntsi irin su shak. Kun ga ita kanta kalmar da faɗi ta fara, irin faɗin da Malamin Yawuri ke kuka da shi. Sai daga baya masanan Faransa suka ware wa su kwaɗo rukuninsu da sunan da aka gina kan *batrachos*. Don me za mu aro kalmar tare da tsohon ciwonta? Ni ina ganin dangin kwaɗo.

Ɗalibin Jami'a, Maiduguri

Mushe, da izini. Ajin ai ba kwaɗi kaɗai ba ne, kashi uku ne. Akwai salamanda mai wutsiya da ƙafa huɗu, kamar tsaka a ido. Akwai kuma marasa ƙafa da ke zaune cikin ƙasa, kamar ƙatuwar tana, ana samun su a kurmin Kamaru da kudancin Najeriya. Idan aka ce dangin kwaɗo ba a danne su ba? Kuma WAEC da NECO da Turanci ake rubuta su. Ni da "amfibiya" aka bari, yaro ya ga kalmar a takarda ya gane.

Mai Nazarin Hausa, Kano

Ɗan'uwa, "dangi" ba ya nufin kama ɗaya. Muna cewa zaki da damisa dangin kyanwa ne, ba wanda ya ce zaki kyanwa ne. Muna cewa dila dangin kare ne. Gwada jimlar: "Salamanda dangin kwaɗo ce, ba dangin ƙadangare ba." Ta zauna daram, kuma a cikin numfashi ɗaya ta gyara kuskuren da ido zai yi. Gwada da ɗayar: "Salamanda amfibiya ce." Gaskiya ne, amma ba ta ƙara wa mai ji komai ba.

Na zaɓi "dangi" a kan "jinsi" da gangan. Jinsi ta riga ta yi kaya da yawa: namiji da mace, launin fata, sannan wasu na amfani da ita ga mataki na can ƙasa, inda ake rarrabe kwaɗo da kwaɗo. "Iyali" kuma fassara ce ta wani mataki dabam a tsarin masana, a bar ta can.

Abu ɗaya da za a iya tuhumar kalmar da shi: kwaɗo na kulle ƙofa, da kwaɗon zogale. A rubuce duk ɗaya ne. Amma ba mai jin "dangin kwaɗo" a darasin dabbobi ya tuna ƙuli-ƙuli.

Likitan Dabbobi, Zariya

Lissafi ma yana bayan Mushe. Nau'o'in da aka sani a ajin sun haura 8,000, kuma kusan tara cikin goma kwaɗi ne. Salamanda babu ita sam a kudu da Sahara. A nahiyarmu sai arewa, wajen Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Marasa ƙafan nau'i ɗari biyu da ɗoriya ne a duniya duka. Yadda za a bambanta su da tana: suna da ƙashin baya da ƙoƙon kai mai tauri, da baki mai haƙora, idanu kuma ƙanana a ƙarƙashin fata. Wasunsu suna da 'yan ƙananan ɓawo a binne cikin fatar, shi ya sa na ce "ba ɓawo a waje" ɗazu.

Kashi ukun kuma ba sa buƙatar aro: marasa wutsiya, su ne kwaɗi, masu wutsiya, su ne su salamanda, sai marasa ƙafa. Sunayen da masana suka ba su ma kusan abin da suke nufi ke nan.

Malama, ki ƙara tsarin zuciya a bayaninki, yana taimaka wa yara su ga jerin. Ta kifi ɗaki biyu, jini yana zagaye ɗaya. Ta babban kwaɗo ɗaki uku, biyu na karɓa, ɗaya na turawa, don haka jinin da ya sha iska da wanda bai sha ba suna ɗan gauraya. Ta maciji da ƙadangare da kunkuru ma uku ce, amma da guntun bango a ɗakin turawa. Kada huɗu gare shi, kamar tsuntsu da mai shayarwa. Sai fitsari: farin da ke kan kashin tsaka ko na kaza, fitsarinsu ne a daskare, dabara ce ta tattalin ruwa. Kwaɗo na ruwa yake yi, mai yawa, shi ya sa yake tsula wa mutum a hannu in an ɗauke shi.

Malamin Kiwon Kifi, Yawuri

Na bi dangin kwaɗo. Saura sunan ɗan. Wasu na ce masa talibambam, amma a bakin masunta talibambam kifin nan ne mai kumbura ciki in an taɓa shi. A littafin makaranta "ɗan kwaɗo" ya fi tsira, in ana son bambanta shi da wanda ya gama canji a ce "ɗan kwaɗo mai wutsiya".

In ana son yara su ga canjin da idonsu, da damina ake yi. A ɗebo su da ruwan kududdufin da aka same su, a zuba a roba mai faɗi, zurfin ruwan kamar tsawon yatsa. Kada a wuce biyar a lita ɗaya. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe su. In shi kaɗai ke akwai a bar shi a buɗe kwana biyu. A ajiye a inuwa, don ruwa kaɗan a rana nan da nan yake zafi iskar cikinsa ta ragu. Abinci ɗan ganyen alayyafo ko latas da aka tafasa ya yi laushi, gwargwadon abin da za su cinye a yini. Ragowar ce ke ruɓar da ruwa. A sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. In akwai wasu manya masu faɗin baki a ware su, 'ya'yan wani babban kwaɗon fadama ne, 'yan'uwansu suke ci.

Inda aka fi yin asara shi ne ranar da ƙafafun gaba suka fito. A lokacin numfashi yana komawa huhu, in ba dutse ko tsinken da za su hau, a cikin ruwan za su mutu. A karkata robar gefe ɗaya ya zama tudu, a rufe da gidan sauro. Kwanakin nan ba sa cin abinci, wutsiya suke ci, kada a yi ta zuba ganye. Da wutsiya ta ƙare a mayar da su inda aka ɗebo su. Yara su wanke hannu, musamman in sun taɓa kwaɗon gida: kumburin nan biyu da ke bayan idanunsa dafi ne, shi ke sa kare dalalar da kumfa in ya cafke shi.

Ɗalibin Jami'a, Maiduguri

Na sauko, amma da sharaɗi: a ambaci "amfibiya" sau ɗaya a farkon darasi saboda jarrabawa. Sannan ina tambaya, "masu jan ciki" fa? Dodon koɗi ma jan ciki yake, kada kuwa yana iya ɗaga cikinsa sama ya yi tafiya.

Mai Nazarin Hausa, Kano

Gaskiyarka, ita ma tana yoyo. Amma ta riga ta kama baki a rediyo da littattafai, tumɓuke ta sai ya fi gyaran wahala. A bar ta, a tsare ta da bayani: masu ƙashin baya, masu busasshiyar fata mai ɓawo. Wadda ya kamata a buɗe wa zaure nata daban ita ce "masu jini mai sanyi". Ƙadangaren da ya sha hantsi a kan katanga jininsa ba sanyi gare shi ba, zafin ne daga waje yake samo shi. Ina da "masu aron zafi" a aljihu, sai ranar.

Malamar Kimiyya, Gusau

Na gode malamai, Allah ya saka. Ga yadda zai shiga:

*Dangin kwaɗo, ana kuma cewa amfibiya: dabbobi masu ƙashin baya, masu siririyar fata marar gashi wadda iska da ruwa ke ratsawa. Ƙwansu ba shi da ɓawo. Suna fara rayuwa a ruwa da wutsiya, sannan halittarsu ta canja. Kashi uku ne: marasa wutsiya, masu wutsiya, marasa ƙafa. Kada, kififiya da gaiwa ba sa ciki.*

Likitan Dabbobi, Zariya

Ya yi Malama. Ki sa "galibi" a gaban "suna fara rayuwa a ruwa", saboda na kurmin nan da na Dutsen Nimba. Kuma ki ƙara guza a jimlar ƙarshe, shi yara suka fi kawowa.